Fensirin Arzika Mai Hoto

"Ban musa ba, Inna. Aikina ne. Ga tambarin shagona nan a bayansa."

"Ni ma ban ce ka musa ba, ɗan nan. Tambayarka nike, ina askar ta tafi?"

Arzika mai hoto ya sake juyo da katin, ya kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi. Saurayi ne a ciki, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya karkatar da kai, ya tallabe haɓa da hannun da ke ɗaure da agogo. Agogon na shago ne, yana nan rataye a ƙusa har yanzu, ana ara wa masu so. Fuskar kuwa fara ce sumul, ko tabon ƙurji babu.

Tsohuwar da ke zaune a kan bencinsa sunanta Saude. Daga 'Yankuzo ta taso da sassafe a bayan motar hatsi, don ranar kasuwar Tsafe ce. Saurayin da ke cikin hoton autanta ne, Tukur. Shekara biyu ke nan da ya tafi Kudu neman abin yi. Wasiƙa ɗaya ya aiko a watan farko, daga ita shiru. A tsaye kusa da ita Alhaji Jibo ne, falken shanu da ke kai dabbobi can ƙasar Yarbawa, wanda ta ba hoton a tafiyarsa ta baya don ya cigita.

"Kara uku na zaga da katin ga," in ji Alhaji Jibo, yana nufin kasuwannin shanu inda 'yan Arewa ke taruwa. "Masu shayi, masu lodi, masu yankan farce, ba wanda ban nuna ma ba. Kowa ya duba sai ya ce ba su da farin yaro mai santsin fuska nan. Wani ma cewa ya yi daga kalanda na yanko ɗan fim ina yi musu wasa da hankali. Na dawo na faɗa mata, sai ta ce wane farin yaro? Wai Tukur baƙi ne, da aska har kunne."

"Ba ki duba hoton ba ne kafin ki bayar, Inna?"

"Da wane ido? Yanar idon ga ta fi shekara huɗu. Ya miƙo min ya ce, Inna ga ni nan ki aje, na amsa na sa ƙasan kwalla. In na ɗauko na shafa, Tukur nike gani. Wa zai yi zaton ɗa ya baro askarshi gun mai hoto?"

"Ni kuma ban san yaron ba," in ji Jibo. "An ba ni hoto. Hoto ai ba a yi mai tambaya."

Ya leƙa waje ya dubi rana, sannan ya ce ana nan ana yi masa lodi a kara, da an sallame La'asar motar za ta tashi. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yana dawowa gona zai shiga, ba zai sake ganin Kudu ba sai bayan kaka. In akwai hoton da ya yi kama da yaron a ba shi kafin nan. In babu, ba zai yi ta tare kowane Bazamfare mai aska yana tambayarsa sunan uwarsa ba, don rabin kara masu aska ne, Tukur kuwa ya san sun fi goma. Ya yi sallama ya fita.

Arzika ya tsiyaya wa tsohuwar ruwa daga tulu, ya ce ta ba shi lokaci. Bai yi mata alkawari ba, don bai tabbata abin da zai nema yana nan ba.

Shi Arzika mutumin Bungudu ne. Ran sunansa wanzamin gidansu ya yi masa aska irin ta ubansa da kakansa, zane-zane daga gefen baki har kusa da kunne, dama da hagu. Har ya gama firamare bai taɓa jin fuskarsa ta yi masa nauyi ba. Rabin ajinsu haka suke, a kasuwa ma da ita ake gane shi a ce ɗan gidan wane ne, a ƙara masa ƙuli-ƙuli. Da ya kai sha bakwai kawunsa ya kai shi Gusau, unguwar Tudun Wada, ya damƙa shi ga wani mai hoto, Malam Ɗanjuma.

Bangon shagon Malam Ɗanjuma cike yake da kalandu da hotunan da aka yanko daga mujallu, don wanda ya zo ya zaɓi irin tsayuwar da yake so. Aikin Arzika na farko shi ne goge su kowace safiya. Fuska ta fi hamsin, maza da mata, 'yan Indiya, 'yan ƙwallo, matan tallan sabulu. Ya yi wata guda yana gogewa kafin ya lura babu mai aska ko ɗaya a cikinsu. In sun je silima haka. In ya tsaya kallon talabijin a tagar maƙwabta, mai karanta labarai haka. Mai aska ba ya fitowa sai a wasan kwaikwayo, a matsayin baƙauyen da ya ɓace a birni ana yi masa dariya. Ba wanda ya taɓa ce wa Arzika komai, sai wata rana da wasu 'yan makarantar mata suka zo hoton ƙare karatu. Yana gyara musu fitila ɗaya ta raɗa wa ƙawarta, da ƙarfin da zai ji, wai ko mage ce ta yaƙushe shi yana jariri. Suka ƙyalƙyale. Ya gama gyara fitilar ya koma gefe. Tun daga ranar, in yana magana da baƙo sai ka ga hannunsa ya tafi kumatu kamar mai ciwon haƙori. Har yau yana yi, bai ma san yana yi ba.

A shekara ta biyu Malam Ɗanjuma ya koya masa aikin fensir. Fim ɗin da aka wanke, wanda masu sana'ar ke kira dodon hoto, komai a juye yake cikinsa: baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Zanen aska, da yake duhu ne a fuska, a jikin dodo sai ya fito siraran layuka masu haske. Sai a shafa wa dodon wani ɗan mai mai danƙo don fensir ya kama, a fiƙe fensirin kamar allura, a ɗora dodon a kan gilashi mai haske ta ƙasa, a bi layukan nan ɗigo-ɗigo har su saje da sauran fata. In an zo bugawa a kan kati a rage lokacin haske kaɗan, mutum ya fito fari. Malam Ɗanjuma ya ce ya nemi dodon da ba na kowa ba ya gwada hannu. Arzika ya zauna aka ɗauke shi, ya gwada a kan nasa. Kwana uku ya yi a kai. Da katin ya fito daga ruwa ya daɗe yana kallonsa, har maigidan ya ƙwanƙwasa masa ƙofar ɗakin duhu ya ce ko suma ya yi.

Wannan hoton ne a cikin gilashi a ƙofar shagonsa na Tsafe, inda ya dawo ya buɗe nasa kusa da tasha shekara tara da suka wuce. Baƙi kan tambaye shi ko ƙanensa ne, ya ce i, don ya fi sauƙi. Matarsa Zuwaira takan ce ita maza biyu ta aura, ɗaya yana cin tuwonta, ɗaya yana gadin shago, kuma mai cin tuwon ta fi so don shi ne ke gyara mata zaure in ya zube. Da aka haifa musu ɗan fari, mahaifin Arzika ya taso daga Bungudu da wanzami a bayansa. Arzika ya ce a aske gashi, a cire belu, amma kada aska ta taɓa fuska. Tsohon ya koma bai ci tuwon suna ba. Sun shirya daga baya, sai dai har ya rasu yana kiran jikan nasa Baƙo.

Da hoto mai kala ya yawaita, masu irin tsohuwar kyamararsa mai babban fim suka yi ta rufewa. Shi ma yana ɗaukar mai kalar, ya ba direba ya kai Gusau a wanko. Amma mai kala ba ya karɓar fensir, shi ya sa tsohuwar kyamarar ba ta huta ba. Sai ma ga bidiyo ta shigo gari. Wani saurayi, Bashar, ya buɗe shagon hayar kaset jikin na Arzika, ya liƙe bangonsa da manyan hotuna tun daga sama har ƙasa. Aka daina zaɓen tsayuwa kawai, aka koma zaɓen fuska. Saurayi ya shigo da kwalin kaset ya nuna da yatsa. Budurwa ta ce a ƙara mata haske, a rage mata kumatu. Wadda man canza fata ya dabbare wa fuska ta ce a daidaita. Da aka ba Zamfara jiha, masu neman aiki a Gusau suka yi ta layin ƙaramin hoto na takarda, da yawansu su sunkuyo su ce a ɗan rage zanen, kada a ga kamar daga gona suka fito. Arzika bai taɓa ganin laifin abin ba. Ya ga yadda mutum kan karɓi katinsa ya miƙe wuya, ya fita yana taku daban. Shi a ganinsa alheri yake yi, irin wanda aka taɓa yi masa.

Ya tuna zuwan Tukur sarai, don satin bayan Babbar Sallah ne, kuma ya daɗe bai ga aska mai zurfi irin tasa ba. Yaron ya shigo da kwalin kaset da ya aro gun Bashar, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Malam, an ce kai ne ka iya. Haka nike so." Arzika ya ce zai ɗauki kwana biyu. Tukur ya ce ko huɗu ne zai jira, Kudu za shi, yana so ya bar wa gida hoton mutum. Da ya zo karɓa ya tsaya nan bakin ƙofa yana kallon katin yana murmushi shi kaɗai. Biyu aka buga masa. Ɗaya ya ce na Inna ne, ɗayan ya sa a aljihun gaba.

Yanzu abin da Arzika ke nema shi ne dodon wannan hoton. Ba ya zubar da dodo. Cikin ambulan yake sa su, ya rubuta wata da shekara, ya jera a kwalayen sabulu a ƙarƙashin teburin ɗakin duhu. Ya jawo su waje ɗaya bayan ɗaya yana atishawa. Bashar ya ji ƙarar jan kwali ya leƙo.

"Tashi za ka yi, Malam Arzika, ba sallama? Ko an kama ka ne da ɓatar da askar mutane?"

"Kai za a fara kamawa. Daga bangonka suke ɗauko ciwon, ni magani kawai nake bayarwa."

"Ni na ce su yi kama da su? Kallo na ce su yi, su dawo min da kaset a naɗe." Ya hango tsohuwar, ya rusuna. "Inna, ina wuni. Ko ke ma gyaran kika zo? Ya iya fa. Yanzu sai ya mai da ke 'yar sha shida."

"In ya mai da ni sha shida wa zai riƙe min jikoki? Kai ne mai hotunan ga na waje?"

"Ni ne, Inna."

"Duk 'yan gida ɗaya ne?"

"A'a, ƙasarsu ma ba ɗaya ba."

"To ni inuwa nike gani, amma inuwar duk iri guda ce. Uwayensu na ƙoƙari da sunka iya rarrabe su."

Bashar ya yi dariya ya koma, don wani ya tsaya da keke yana kiran sa.

Kwali na huɗu ne na shekarar. Gara ta shiga ta gindinsa, ta cinye ambulan na watanni biyu ta bar ƙasa a madadinsu. Ya zazzage a kan tabarma, ya shiga ɗaga dodanni ɗaya-ɗaya yana duba su a hasken ƙofa. Gara ba ta cin fim, takarda take ci, sai dai ta bar su a cakuɗe babu suna babu wata. Amare, 'yan makaranta, wani dattijo da ragonsa, masu sabon keke. Aka kira Azahar bai samu ba. Ya je ya yi salla a masallacin tasha, ya sayo wa tsohuwar fura, ta ce ba ta jin yunwa, ya ajiye mata a gefe. Da ya dawo ya canza dabara. Ya daina duba fuska, don a dodo duk fuskar da ya gyara kama take yi da 'yar'uwarta. Ya koma neman hannu a haɓa da agogo. Ya sami goma sha ɗaya masu wannan tsayuwar. Bakwai a cikinsu sun sha fensir. Katin da ke hannunsa kuwa daga wuya aka yanke shi, rigar ba ta fito sosai ba.

"Inna, wace riga ya sa ranar, kin tuna?"

"Rigar Sallarshi. Ni na saya mai yadin da kuɗin gyaɗata. Telan ya kuskure aljihu, ya sa shi dama."

Na biyar ne. Aljihu a dama.

Ya ɗora shi a kan gilashin nan mai haske ta ƙasa. Ta gefen da aka yi aikin, in ka karkata shi, kana ganin ƙyallin fensir ya rufe kumatu biyu kamar an yayyafa toka. Aiki ne mai kyau. Ko yanzu da ya kalla sai da ya ji wannan a ransa. Ya tsaya da auduga a hannu. Shekara ashirin yana sa fensir, bai taɓa cire shi ba. Malam Ɗanjuma ya taɓa gaya masa sifirit na wanke shi, in an yi kuskure, amma a bi a hankali, in ruwa ya yi yawa ko hannu ya yi nauyi fatar fim ɗin kan saluɓe, daga nan babu gyararren babu na asali. Dodon kuma guda ɗaya ne.

Ya fara gwadawa a kan wani daga cikin bakwai ɗin, na wani mutum da ya san ya rasu. Gefe ɗaya ya fita, ɗayan ya karce don tsakuwar gara ta maƙale a audugar. Sai ya wanke hannu, ya kaɗe na Tukur da gashin kaza har sau uku, ya yagi sabuwar auduga, ya ɗiga sifirit ya matse har ta kusa bushewa. Ya yi bisimilla ya shafa sau ɗaya daga baki zuwa kunne. Audugar ta yi baƙi. Ya jefar ya ɗauki wata. A shafa ta huɗu layukan suka fara fitowa, farare, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan dutse. Kwana biyu ya yi yana rufe su. Buɗe su bai kai minti goma ba.

Ya bar shi ya sha iska, ya shiga ɗakin duhu ya ja ƙofa. Ɗakin kamar tanda, gumi na bin bayansa. Da ya zo ba katin haske sai ya ga hannunsa ya tafi zai kashe fitilar a inda ya saba. Ya bar shi ya ƙara ƙirga huɗu. Ya tsoma katin a ruwan magani yana girgiza tasar a hankali. Gashi ya fara fitowa, sai idanu, sai kumatun. Yaro ne baƙi mai faɗin goshi, da ɗan murmushin da a wancan katin bai fito sosai ba, don fensir ya cinye lotsawar gefen bakin. Arzika ya buga uku, ya ɗauraye, ya shanya a igiya a bayan shago inda rana ke dukan bango.

Tsohuwar ta karɓi nata tun yana da ɗan danshi. Ta fita da shi tsakiyar rana, ta kai shi dab da idonta na dama, wanda ya fi gani, har yana taɓa hancinta. Ta bi kumatun hagu da farce a hankali.

"Akwai guda nan da ta karkace, ta uku daga sama. Tana nan?"

Arzika ya sunkuya ya duba. Tana nan. Ta taho daidai da sauran, a tsakiya ta yi ƙasa, ta kusa haɗewa da ta huɗu.

"Tana nan, Inna."

"Atishawa ya yi. Labbo wanzami na tsakar ja sai yaron ya yi atishawa. Ubanshi ya yi ta faɗa, Labbo ya ce to ai ka samu shaida, ko cikin dubu ya shiga ka fisshe shi." Ta goge katin da bakin mayafinta, ko da yake babu abin gogewa. "Wanga shi ne."

Ana kiran La'asar suka kama hanyar kara, shi yana riƙe da kati ɗaya a ambulan, ɗaya a aljihu, ita tana riƙe da gefen rigarsa saboda babura. Sun tarar an gama lodi, shanu sun cika motar, ƙahoni na karo da katako. Alhaji Jibo ya idar da salla a gefen mota yana naɗe buzunsa. Ya karɓi ambulan ɗin zai sa a aljihu, sai ya ce bari dai ya gani. Ya zaro katin. Ya miƙar da hannu nesa, ya dawo da shi kusa. Yana ta kallonsa har direba ya danna oda.

"Inna," ya ce, "na san yaron ga."

Hannunta dai ya ƙara damƙe rigar Arzika.

"Kara ta biyu. Ruwa yake turawa a kura yana kai ma masu abinci. Ya rame bisa nan, amma shi ne, ga karkatacciyar nan. Ba Tukur suke ce mai ba, Zamfara suke kiran shi." Ya shafa gemunsa. "Ai har shi na nuna ma wancan hoton. Ya aje kurar ya amsa, ya daɗe yana kallo, har na ce ko ka san shi? Ya miƙo min ya ce a'a Alhaji, bai san shi ba. Ya tura kurarshi ya wuce."

"Lafiyarshi lau?"

"Da ƙafafunshi na gan shi, yana aikin ƙarfi."

"Alhamdu lillahi." Ta saki rigar Arzika. Ta ɗan jima tana kallon wajen da motar take, ko da yake inuwa kawai take gani. "Kunya ce. Ya ce min ba ya dawowa sai ya zama wani abu. To Alhaji, kada ka yi mai faɗa, kada ka tara mai mutane. Ka kira shi gefe ka ba shi wanga. Ka ce ni na aiko, na ce wancan na kwalla ban san shi ba ni ma, wanga nike nema. Ka ce gero na nan, gonar ubanshi na nan, damina ta zo. In babu na mota ka sako shi bisa taka."

Jibo ya ce in Allah ya yarda. Ya sa katin a aljihun ciki, ya ce kwana tara ko goma zai yi, ta sa kunne. Ya kama ƙarfe ya hau gaba. Motar ta yi baya da ƙyar, ta hau titin Funtuwa.

Arzika ya raka tsohuwar inda motocin 'Yankuzo ke tsayawa, ya samar mata wuri kusa da taga. Ya ba ta kati na biyu. Sai ya zaro tsohon, mai santsin fuskar, ya tambaye ta ko tana so.

"Riƙe abinka, ɗan nan. Kai ka yi shi." Ta ɗaga kai ta dube shi, ta kai hannu ta shafa kumatunsa kamar yadda ta shafa katin. Bai kauce ba, don bai yi tsammani ba. "Ashe kai ma da taka. Ta ina ce?"

"Bungudu."

"Na ji hannun wanzaman can. Suna da tsabtar aiki."

Da ya koma shago ya tarar da wani saurayi a kan benci, da takardun neman aiki a cikin leda, yana kallon hoton da ke cikin gilashi a ƙofa. Ƙaramin hoto yake so guda huɗu, zai kai Gusau ran Litinin. Yana da bille ɗaya a kumatun dama. Da Arzika ya zaunar da shi gaban labule ya gyara masa kwala, sai ya sunkuyo da murya.

"Malam, an ce kana ɗan ragewa."

"Ina yi. Amma zan buga maka ɗaya yadda kake kafin in taɓa. Wannan ka kai wa tsohuwarka."

"Me za ta yi da shi?"

"Ta aje. Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ka motsa."

Ya ɗauka, ya ce ya dawo jibi. Kati na uku na Tukur yana kan tebur, ya rasa inda zai sa shi, sai ya soke shi a gefen gilashin ƙofa, ƙasan nasa. Dodanni na nan zube a kan tabarma, ɗaruruwa, babu suna babu wata, ga hadari ya taso sosai. Ya tattara su cikin tasa ya kai ciki, ya leƙa ya ce wa Bashar ya duba masa shago. Ya sa hularsa ya nufi cikin kasuwa neman ambulan da maganin gara kafin masu tireda su rufe.